Wanda Ya Tare Wa Maƙwabcinsa Rana Ya Tare Masa Abinci

Wannan shi ne taƙaitaccen jawabin da Malam ya gabatar wa 'yan uwa na Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa game da haƙƙin maƙwabci a kan hasken rana.

Bayan yabo ga Allah (T) da salati ga Manzonsa (S), Malam ya fara da cewa tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 1444/2023, janareta ya gagari talaka, ga wutar KEDCO ba ta isa ƙauyuka da dama. Don haka mutane suka koma ga farantan sola, da su ake jan ruwan burtsatse, da su ake cajin waya, da su ake ban ruwa a fadama. To sai ga sabuwar fitina: mutum ya sayar da buhunan masararsa ya kafa faranti, maƙwabci ya zo ya tayar da bene ko ya dasa darbejiya a jikin katanga, inuwa ta rufe farantin, ruwa ya tsaya.

Ya ce dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamnoni, amma ba ta ce uffan a kan rana ba. A Ingila kuwa tun 1832 doka ta ce tagar da ta shekara 20 tana samun haske ba a toshe ta. A jihar Kaliforniya ta Amurka an yi doka a 1978 wadda ta hana bishiyar maƙwabci rufe fiye da kashi 10 cikin 100 na faranti daga ƙarfe 10 na safe zuwa 2 na rana.

Sai Malam ya tambaya, shin sai Musulmi sun je aro wajen Nasara? Ya ce a'a. Hana cuta da cutarwa asali ne a shari'a. Shaihu Halil, malamin Masar na ƙarni na 14, ya kawo a Muhtasar ɗinsa cewa ba a hana mutum gini don kawai ya tare wa maƙwabci haske ko rana ko iska, amma ya ware masussuka, saboda amfaninta kacokan yana rataye da rana da iska. Wanda ya toshe su ya kashe ta.

Malam ya ce ra'ayinsa shi ne farantin da ke jawo wa unguwa ruwa ya fi kama da masussuka a kan tagar ɗaki. Ya yi kira ga malamai da alƙalan kotunan shari'a, waɗanda Jihar Katsina ta kafa tun shekara ta 2000, su zauna su duba wannan ƙiyasi kafin rigima ta kai ga zubar da jini a yankin da 'yan bindiga suka riga suka ɗaiɗaita.

Ya shawarci mai kafa faranti ya sanar da maƙwabtansa tukuna, a rubuta yarjejeniya gaban mai unguwa da shaidu biyu, a faɗi tsawon ginin da ba za a wuce ba. Mai bishiya kuma ya yarda a sassabe reshe. Mai faranti shi ma kada ya hau rufi ya riƙa leƙen cikin gidan mutane, don wannan ma cuta ce.

Daga nan ya rufe da addu'ar Allah ya kawo ƙarshen zalunci, ya mayar da waɗanda aka kora garuruwansu lafiya.