Motar Kara da Shagon Gem: Me Muke Koya wa Hannun Yaro?



A da, idan kaka ta yi aka yanke dawa, karan da ya rage kayan aiki ne a wurin yaron Samaru ta Zariya. Zai ɓare ɓawon, ya yanka totuwar, ya sossoke su har mota ta tashi, ya yanko tayoyi daga tsohon silifa. In taya ta karkace, babu wanda zai kai wa ƙara: shi ya ƙera, shi zai gano matsalar. Takwaransa na Sabon Gari, unguwar da ta bunƙasa da zuwan jirgin ƙasa, gwangwanin madara da waya yake tsinta ya haɗa motar langa-langa. 'Yan mata kuwa su haɗa 'yar tsana, su ɗinka mata kaya da ƙyallen tela, har su yi mata biki. A nan ake fara koyon awo, haƙuri, rabon aiki da sasanci.

Yau yaron nan yana shagon gem yana jiran layin PlayStation, ko ya duƙufa kan wayar babarsa. Ban ce gem ba ya wasa ƙwaƙwalwa ba. Amma wani ne ya tsara filin da dokokin, har da ladan nasara. Yaro yana dannawa, bai ƙirƙiri komai ba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada yaro mai shekara 2 zuwa 4 ya wuce awa ɗaya a rana gaban allon na'ura, kuma a shekarar ta amince da sanya jarabar gem cikin jerin cututtuka.

Mu a Zariya muna da darasi a gida. A 1958 su Uche Okeke, Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyar ɗaliban zane a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Ba su ƙi ilimin Turawa ba, sun dai ƙi zama 'yan kwaikwayo, suka gwama shi da fasahar gargajiya. Abin da nake nema wa yaranmu ke nan.

Iyaye, ku daina kallon kara da gwangwani a matsayin shara a tsakar gida. Ku ware wa yaro kusurwa, ku ƙayyade lokacin waya. Malaman firamare, ku sa gasar ƙere-ƙere kowane zango, ku dawo da dara da langa da carafke. Ɗaliban injiniya da zane na Jami'ar Ahmadu Bello, makarantun Samaru suna bakin ƙofarku. Ku je ku nuna wa yaro yadda zai sa wa motarsa batir da fitila.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mai son ganin injiniya a gidansa, ya bar ɗansa ya ɓata kara ɗari kafin mota ɗaya ta tafi daidai.