Tuffar Da Ta Dace Da Ƙasar Gadau

Wani malamin gona ya ja kunnen manoma da ma'aikatan da ke sha'awar dasa tuffa a gidajensu, da su yi tunani tukuna kafin su zuba ɗan abin da suka tara. Ya yi wannan jan kunne ne a cikin wani jawabi da ya gabatar a gaban taron manoma a garin Gadau, cikin Ƙaramar Hukumar Itas/Gadau ta Jihar Bauci.

Malamin ya fara da cewa bai ga laifin mai sha'awar ba. Duk wanda ya shiga kasuwar Azare ya ga yadda ake jera tuffa a faranti, ya kuma ji kuɗin ƙwaya guda, tilas ransa ya raya masa cewa da a gidansa take da ya huta. Amma fa, in ji shi, akasarin tuffar nan daga ƙasashen waje ake shigo da ita, musamman Afirka ta Kudu, kuma akwai dalilin haka.

Ya bayyana cewa tuffa itaciya ce mai bukatar barci. Sai ta sha sanyi mai tsanani, ta zubar da ganye, sa'an nan ta farka ta yi fure. Ko irin nan da ake kira Anna, wanda aka samar a Isra'ila domin ƙasashe masu ɗumi, yana bukatar awa 200 zuwa 300 na sanyin da ya sauka ƙasa da awu 7 a ma'aunin zafi. Hunturun Gadau, duk da yadda yake fasa leɓe da diddige, da wuya ya kai nan, ga kuma zafin watan Afrilu mai haura awu 40 yana jira. Abin da ya sa ake ɗan samunta a Jos shi ne tudu, domin kuwa garin yana bisa tsayin mita 1,200 ne daga teku, alhali Gadau ba ta kai mita 500 ba. Ya ƙara da cewa wanda ya shuka ƙwallon tuffar da ya ci, to ya yi hasara biyu, watau ga rashin sanyi, ga shi kuma ƙwallon tuffa ba ya maimaita uwarsa. Saboda haka ya roƙi jama'a kada su yarda da mai yawo da dashe a leda yana rantsuwa cewa shekara biyu za ta haihu. Ranar da itaciyar za ta ƙone, mai sayarwa ya daɗe da barin gari.

Daga nan sai malamin ya tambayi mahalarta ko akwai wanda babu magarya a gonarsa. Aka yi dariya, domin kowa ya san yadda take damun manomi da ƙaya lokacin sharar gona. Ya ce to wannan da ake sarewa ana ƙonewa kowace bazara, ita ce jarin da yake magana a kai.

Ya ci gaba da cewa a ƙasar Indiya an daɗe ana zaɓen magarya ana kyautata irinta, har aka sami irin su Gola da Umran da Seb, kuma ma'anar kalmar Seb a harshen Hindi ita ce tuffa. 'Ya'yansu kan kai girman goro, ɓawonsu sumul, ga ruwa, ga garas-garas a baki. A farkon shekarun 2000 cibiyar bincike ta ICRISAT da ke Sadore, kudu da birnin Yamai, ta duƙufa wajen yaɗa waɗannan iri a ƙarƙashin Farfesa Dov Pasternak, aka kuma raɗa musu suna tuffar Sahel. Tun daga lokacin ana nomansu a Nijar da Mali da Burkina Faso, ƙasashen da wasu sassansu suka fi Katagum ƙarancin ruwan sama.

A nan ne malamin ya daɗe yana bayani, domin a cewarsa a nan araha take. Mutum ba ya bukatar sayen itaciya. Abin da zai yi shi ne ya ɗaura wa magaryar gida aure da ta Indiya. Sai ya zaɓi magarya mai lafiya a gonarsa ko a bayan danga, ya datse ta da bazara, ya jira ta yi sabon toho. Idan tohon ya kai kaurin fensir, sai ya bar biyu ko uku mafi ƙarfi, ya yanke kansu, ya tsaga da reza mai tsabta. Sa'an nan ya fiƙe ɗan reshen irin mai kyau ta gefe biyu, ya cusa a tsagar yadda ɓawo zai haɗu da ɓawo, ya ɗaure tam da zaren leda don kada iska ko ruwa su shiga. Ya ce da yake saiwar tsohuwa ce, ta riga ta nitsa ta sami laima, ba ta bukatar renon da sabon dashe ke bukata, kuma sau da yawa a shekarar farko ake ganin 'ya'ya. Kayan aikin duka su ne reza da leda da reshe, kuma da zarar mutum guda ya mallaki itaciya ɗaya, unguwa duka ta sami wurin yankan reshe.

Sai dai bai ɓoye wa manoman wahalar da ke ciki ba. Uwar gindi za ta yi ta fitar da tohonta daga ƙasan wurin auren, kuma in ba a cire shi duk mako ba, zai shanye abincin baƙon ya kashe shi. Akuya kuwa ba ta da abincin da ya fi mata sabon ganyen magarya, don haka shinge ya zo kafin reza, kuma rassan ƙayar da aka datse sun isa yin shingen. Tilas ne kuma a aske itaciyar kowace shekara bayan an gama tsinka, saboda a kan sabon reshe take haihuwa.

Game da ruwa, ya ce magarya ba za ta mutu don ƙishi ba, amma 'ya'yan ba za su cika ba sai an taimaka mata bayan ɗaukewar damina, lokacin da suke girma. Wanda ke kusa da fadamar kogin Jama'are ya sami sauƙi. Na cikin gari kuwa ya binne tsohon tulu a gindinta ya riƙa cikawa, ko ya karkato da ruwan alwala zuwa wurin. Babban abokin gaba shi ne ƙudan da ke yin ƙwai a cikin 'ya'yan su yi tsutsa, kuma maganin talaka shi ne ya tsince duk wanda ya faɗo ya binne shi da zurfi.

Da wani dattijo ya tambaya ko za ta yi kasuwa, malamin ya amsa cewa tana nuna ne da hunturu, kafin mangwaro ya shigo, lokacin da kayan marmari suka yi ƙaranci. Amma ba ta jure ajiya kamar tuffar waje, kwanaki kaɗan take yi ta yi laushi. Shawararsa ita ce mutum ya fara da gindi uku zuwa biyar, iyali su ci, yara su kai saura tasha, abin da ya rage a shanya.

A ƙarshe ya yi kira ga sashen aikin gona na ƙananan hukumomin Itas/Gadau da Katagum da su kafa 'yan itatuwan uwa a wuraren renon dashe, inda manomi zai je ya yanki reshen da aka tabbatar da asalinsa, a kuma koya wa matasa ɗaurin auren kafin bazara mai zuwa. Ya ce shi kansa zai komo Gadau idan toho ya fito, kuma duk mai so ya zo da rezarsa.