Juriyar Ƙasa da Juriyar Jama'a: Darasi daga Fadamar Hadeja da Nguru



Abin da aka nemi in yi magana a kansa yau wani fanni ne na bincike wanda ya ƙi yarda a raba ilmin ƙasa da ilmin zaman jama'a. Masu wannan fanni suna cewa kogi da masuntansa, ko daji da makiyayansa, abu guda ne, duk wanda ya nazarci ɗaya ya bar ɗaya to, rabin magana ya ji.

Asalin maganar kuwa daga wani masani ne na ƙasar Kanada, C. S. Holling, wanda a 1973 ya bambanta abu biyu da aka saba haɗawa. Na farko shi ne daidaituwa, watau saurin da abu yake komawa yadda yake bayan an girgiza shi. Na biyu shi ne juriya, watau yawan girgizar da abu zai iya sha ba tare da ya rikiɗe ya zama wani abu dabam ba. Ya nuna cewa wuri yana iya yin ta hawa da sauka kowace shekara amma ya daɗe bai lalace ba, wani wurin kuma a gan shi shiru lafiya lau, rana ɗaya ya rushe. Daga baya shi da abokin aikinsa Gary Meffe suka ƙara da cewa, a 1996, hukumar da ta danne hawa da saukar nan don neman amfani tabbatacce sau da yawa juriyar wurin take kashewa ba ta sani ba.

To, ba sai mun je Kanada neman misali ba. Kogin Hadeja da kogin Jama'are suna gangarowa su bazu cikin fadamu tsakanin Hadeja da Nguru da Gashuwa, sa'an nan su haɗu su zama Komadugu Yobe wadda take nufar Tafkin Chadi. Tun kaka da kakanni rayuwar wurin a kan cikowar ruwa da janyewarsa take. In ruwa ya cika da damina a noma shinkafa, kifi ya shiga fadama ya hayayyafa. In ya fara janyewa masunta su kama, manoma su bi laimar ƙasa su shuka wake da sauransu, Fulani kuma su sauko da shanu su ci ciyawar rani. Ruwan da ya nutse shi yake ciyar da rijiyoyin ƙauyuka masu nisa. Gida guda yakan haɗa noma da su da kiwo da saƙar kaba, saboda haka shekarar da ɗaya ta ƙi, wata ta rufa asiri.

A 1974, ana tsakiyar jin zafin babban farin nan, aka gama madatsar ruwa ta Tiga, a 1992 kuma ta Challawa. Kada wani ya ɗauka zargi na zo yi. Birnin Kano yana shan ruwan nan, alkama da tumatir da shinkafar Kadawa kuwa ba wanda bai ci ba a cikinmu. Waɗanda suka tsara aikin daidaituwa suke nema, sun kuwa same ta: ruwa ya daina zuwa da yawa lokaci guda, ya koma zuwa kaɗan-kaɗan rani da damina.

Sai dai ga abin da ya biyo baya a ƙasa. Faɗin wurin da ruwa yake mamayewa ya ragu. Hanyoyin ruwan da dā suke bushewa da rani suka daina bushewa, wannan kuwa shi ne abin da ciyawar nan kacalla take so. Ta yaɗu, ta toshe hanyoyi, ta tare yashi da laka, har ruwa ya sauya hanya: wasu ƙauyuka ya ci gonakinsu ya zauna, wasu kuma ya daina isa gare su. Jan-baki ya sami maɓoya a cikinta yana ɓarnar hatsi. In an lura, wannan shi ne rikiɗewar da Holling ya faɗa, gama ko an sake ruwa yadda ake yi a dā, kacalla ba za ta tattara ta tafi don kanta ba. Sai an sa hannu da kuɗi, shekara da shekaru.

Masana tattalin arziki, cikinsu har da Edward Barbier, sun yi lissafi a shekarun 1990 suka gwada amfanin da ruwa yake bayarwa a fadama da wanda yake bayarwa a manyan gonakin ban-ruwa. Abin da suka samu shi ne ribar da aka ci a sama ba ta kai ta biya hasarar da aka yi a ƙasa ba. A ganina dalilin da ya sa ba a hango haka tun farko ba mai sauƙi ne: buhun alkama yana shiga littafin ofis, amma kifin da aka ci a gida, da itacen girki, da ciyawar da saniya ta ci, ba mai rubuta su.

A nan ne aikin Elinor Ostrom, wadda ta sami lambar Nobel a 2009, ya shafe ku ma'aikatan gwamnati. Ta bi wurare da dama a duniya inda jama'a suke tarayya a kan ruwa ko daji ko makiyaya, ta ga waɗanda suka ɗore galibi su ne inda masu amfani da abin suke da baki wajen kafa ƙa'ida, suke sa ido da kansu, suke da hanyar sasanta rigima kusa da gida cikin araha. Sarkin ruwa da ardo da mai unguwa irin wannan aiki suke yi, ko da yake ba sa iya buɗe ƙofar Tiga ko rufe ta.

Har yanzu kogin Jama'are yana zuwa da cikowarsa, domin madatsar Kafin Zaki da aka tsara a kansa ba a kammala ta ba, kuma maganar farfaɗo da ita takan taso lokaci-lokaci. Ranar da takardar ta zo teburin ɗayanku, ina roƙon ya tambaya ko an ƙidaya mutanen Gashuwa a cikin lissafin, kuma wa zai yanke ranar sakin ruwa.