Rigar mota: wadda ke kare fenti da wadda ke cinye shi

Yau maganarmu da kai ce, mai motar da ke kwana a ƙofar gida ba rumfa ba gareji.

Ka san yanayinmu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ce. Afrilu da Mayu zafi ya haura digiri 40, rana ta dafe fenti ta tsattsage dashbod. Daga Yuni kuma sai guguwar da ke gaban hadari, ruwa ya biyo baya. Shi ya sa mutane da yawa ke sayen tamfol su lulluɓa wa mota, su ce an huta.

To, a nan matsalar take. Tamfol ɗin rufe buhunan hatsi ba rigar mota ba ne. Cikinsa kaushi gare shi, kuma iska ba ta ratsa shi. Idan ka rufa shi a kan mota mai ƙura, iska ta yi ta kaɗa shi dare da rana, ƙurar nan sai ta zama samfefa, ta goge fentin rufi da gefen ƙofofi. Da damina kuma laima ce ke taruwa a ƙarƙashinsa ba ta da mafita, tsatsa ta kama bodi. Kuɗin da ka rage a kasuwa, mai fenti ne zai karɓe shi har da ƙari.

Don haka in ka je saye, duba abu huɗu. Na farko, shafa cikin rigar da bayan hannunka; in ba laushi, ajiye ta. Na biyu, zuba ɗan ruwa a kai ka gani ko zai gangare, sannan ka tambaya ko tana da kafar shan iska. Na uku, launi: fara ko ruwan azurfa tana mayar da hasken rana, baƙa kuwa zafi take tarawa. Na huɗu, girma. Ka tafi da awon motarka, don rigar da ta yi mata yawa ita ce ke kaɗawa. A samu mai roba a bakinta da igiyar ɗaurewa ta ƙarƙashi, ka kuma ja ɗinkin ka ji ƙarfinsa, domin daga nan yagewa ke farawa.

Sauran aikin naka ne. Wanke ko kaɗe ƙura kafin ka rufe. Bari salansa ta huce. Kada ka rufe mota tana jiƙe, kada ka naɗe rigar sai ta bushe. Ko ba ka hawa motar, ka riƙa buɗe ta duk mako, don ɓera na son inuwa, kuma wayoyin inji ba ya raga musu.

Allah Ya tsare mana dukiyarmu. Sai mun haɗu a shiri na gaba.