Ajin kara da ajin siminti: me ya raba su?



A kakar da ta wuce na je wani ƙauye da bai yi nisa da nan Matamaye ba, wajen yayata. An koma lakwal tun watan Oktoba, amma na tarar da ɗiyarta a gida tana surfe. Na ce lafiya? Ta ce ai ba a gama girbi ba, sai an samu kara tukuna a yi musu rumfar aji. In damina ta faɗi da wuri kuma, rumfar ta tashi, karatu ya tashi. Sa'arta da ke cikin gari, a ajin siminti, ta riga ta da makonni. Kuma jarrabawa ɗaya ke jiransu.

To me ya raba yaran nan biyu? Ba ƙwaƙwalwa ba ce, aljihun kwamin ne.

Tun zaɓen 2004 aka raba Nijar zuwa kwamin 265. A Janairun 2016 gwamnati ta fitar da dokar da ta miƙa musu wani ɓangare na aikin ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. Albashin malamai daga Yamai yake fitowa, amma gina aji, gyaransa da sayen teburan zama sun koma wuyan kwamin. Ita kuwa kwamin da me take rayuwa? Da harajin kai, da kuɗin kasuwa, da na tasha. Wadda ke da babbar kasuwa da kwalta tana ɗan samu. Wadda ke da ƙauyuka warwatse da manoman da hatsinsu ba ya kai su bazara, me za ta tara? Ku dubi gundumarmu ta Kance: Matamaye, Dan Barto, Dungu, Kurni, Tsauni, Yawuri, ai ba samu ɗaya suke yi ba. An ba kowa kaya iri ɗaya, amma wani raƙumi gare shi, wani jaki.

Ko a Amurka an yi wannan rigimar. Can harajin gidaje ke ciyar da makarantu, unguwar masu kuɗi ta fi samu. Iyaye talakawa na San Antonio suka kai ƙara, shari'ar ta je har kotun ƙoli, a 1973 suka faɗi. Mu tamu ta fi zafi, don har rai take ci: a Afrilun 2021 wuta ta kashe yara kusan 20 a ajin kara a Yamai, a Nuwamba kuma sama da 20 a Maraɗi.

Akwai hukumar ANFICT da ke riƙe da asusun daidaita samu tsakanin kwamin. Abin da muke nema shi ne a raba kuɗin bisa yawan yara da yawan ajin kara, wanda ya fi rashi ya fi samu. Kuma tunda an rushe majalisun kwamin a Afrilun 2024, kantomomi ke riƙe da su, sai mu tambaya da kanmu.

Don haka ga aiki. Kowa ya zaɓi lakwal ɗaya a ƙauyen iyayensa. Ya ƙirga aji nawa ne na kara, yara nawa, malamai nawa. Ya zauna da kwamitin COGES. Sannan mu tafi ma'aikatar magajin gari cikin ladabi, mu nemi a nuna mana nawa aka ware wa ilimi bana. Kuɗin harajin iyayenmu ne, tambaya ba rashin kunya ba ce.

Allah Ya ba mu sa'a.