Gidan da ke koyar da zama da mutane

 Hirar wannan wata a kan wani gidan tarihi take. Gidan yana birnin Los Anjalas, cikin ƙasar Amurka. Ma'anar sunansa ita ce Gidan Haƙuri da Juna. An buɗe shi cikin shekara ta 1993. Yaran lakkol da malamansu suna zuwa can su koyi yadda raini yake girma har ya zama kisa.

Wata ƙungiya ce ta gina shi, mai ɗauke da sunan Simon Wiesenthal. Wannan mutum Bayahude ne. Ya tsira daga sansanonin da Hitila ya tsare mutane. Bayan yaƙi, ya yi ta neman masu kisan don a kai su gaban shari'a. Ya rasu cikin 2005.

Masu tsara gidan sun yi ƙofa biyu. Ɗaya ta masu raina wani jinsi, ɗaya ta waɗanda ba su raina kowa. Wanda ya taɓa ta biyun, sai ya iske ta a kulle. Dole kowa ya bi ta farkon. Wato babu wanda zuciyarsa ta rasa ɗan raini. Mai hankali shi ne wanda ya gane nasa, ya yaƙe shi.

A ciki, ana ba baƙo kati mai hoton wani yaro Bayahude na zamanin Hitila. Baƙon yana tafiya yana ganin abin da ya faru. Hitila ya hau mulkin Jamus cikin 1933. A jarida da rediyo, ana ta zagin Yahudawa. Cikin 1935 aka yi doka, aka hana aure da su. Cikin 1938 aka kori yaransu daga lakkol. Daga baya aka loda su cikin jiragen ƙasa zuwa wuraren kisa. Kafin yaƙi ya ƙare cikin 1945, an kashe Yahudawa miliyan 6. Wajen miliyan ɗaya da rabi yara ne. A ƙarshen ziyara, baƙo yake sanin ko yaron katinsa ya rayu ko an kashe shi.

Saboda wannan masifa, Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da takardar haƙƙin ɗan Adam ran 10 ga Disamba 1948. Tana da ayoyi 30. Ta farko ta nuna kowa an haife shi ɗa ne, darajarsu ɗaya. An fassara takardar da Hausa.

Kada wani ya ce wannan zancen Turawa ne. A Toda, cikin jahar Maraɗi, rikicin manoma da makiyaya na 1991 ya ci rai fiye da 100, yawancinsu mata da yara. Ƙasarmu ma ta ɗanɗana abin da ƙiyayya take haifarwa. Idan dabba ta yi ɓarna, a kai ƙara wurin mai gari. Laifin mutum ɗaya, kada a ɗora wa danginsa duka.

Ga tambaya biyu, a tattauna su bayan karatu:
Wace magana ce ta raini yaranmu suke ji daga bakinmu?
Idan aka zagi baƙo a bakin rijiya, wa zai fara tsawatawa?