Mai Jin Muryoyi Yana Buƙatar Mai Saurare

A Garwa in matashi ya fara jin muryoyin da babu mai jin su, ko ya ce ana bin sa, sai a ce aljanu ne ko sammu. Daga nan sai ruƙiyya, in ta ƙi sai a sa shi a mari. Asibitin Jamot kuwa, mai kula da masu taɓin hankali, yana can Yawunde, tafiya mai nisa da tsada.

Masana halayyar ɗan Adam suna fara tambaya ne: me ya same shi? Ko ya ga kisa a rikicin Boko Haram kafin ya gudo daga yankin Mora ko Kolofata? Ko ɗan acaɓa ne da tiramol ya hana shi barci? Rashin barci, firgici da kaɗaici duk suna iya tayar da ciwon.

Akwai wata hanya ban da mari. A 1954, a Aro kusa da Abeokuta, Dakta Adeoye Lambo ya zaunar da masu taɓin hankali a gidajen ƙauye, kowanne da ɗan'uwansa, suna zuwa asibiti da rana. Magani yana da amfani, ban musa ba. Amma wallahi ɗaure mutum a ɗaki ƙara masa tsoro yake yi. A kwance marin, a zauna da shi, a raka shi Asibitin Yanki na Garwa.